Kenya ko Tanzaniya: Dajin da ake tallata mana cewa babu kowa a ciki, korar masu shi aka yi

Tun da bidiyon nan na Masai Mara, gandun namun dajin Kenya, ya karaɗe intanet a watan Agustan 2025, wanda aka ga 'yan yawon buɗe ido sun sauko daga motoci sun yi cirko-cirko a bakin kogi sun tare wa dabbobi hanyar fita, wata shawara ta zama ruwan dare a bakin masu shirya tafiye-tafiye da masu yi musu talla a Instagram da TikTok. Wai duk mai son ganin namun daji ya manta da Kenya, ta zama kasuwa, ya nufi Tanzaniya, can ne daji yake yadda Allah ya halicce shi, sai ka wuni kana tafiya ba ka ga ɗan Adam ba. Shawarar ta iso har wajenmu, domin yanzu ango da amarya daga Kano ko Kaduna ko Abuja, idan suka tara abin da za su iya, sau da yawa tsakanin ƙasashen nan biyu suke tsayawa. Maganar nan tana ƙona min rai, kuma ba don ina da wani zumunci da Kenya ba.

Da farko dai, batun cunkoson ma ba a faɗe shi daidai ba. Wata guda kafin bidiyon Kenya, irinsa ya fito daga Kogatende, a arewacin Serengeti, cikin Tanzaniyar da ake yabo: motoci sun jeru a gaɓar kogi, mutane a waje riƙe da wayoyi, dabbobi sun rasa ta inda za su hau tudu. Kogin Mara ɗaya ne, garken ma ɗaya ne, na dabbar nan mai kama da gwanki da Suwahilawa ke kira nyumbu, tare da jakunan dawa, ɗaruruwan dubbai da ke zagayawa tsakanin ƙasashen biyu suna bin damina. Daga Yuli zuwa Oktoba suke ƙetare kogin. Sukan taru a gaɓa su yi awanni suna ɗari-ɗari, ta gaba ta leƙa ruwa ta ja da baya, ƙura ta turnuƙe, har sai guda ta yi ƙundunbala ta faɗa, sannan sauran su biyo ta ba ji ba gani, kadoji kuma na jira. Mafitarsu a ɗaya gefen 'yar siririyar hanya ce da ƙafafunsu suka fafe shekara da shekaru. Mota ɗaya ta tsaya a bakinta, na gaba su juyo, na baya su danne su, a mutu a banza. Direban da ya yi haka don baƙonsa ya ƙara masa na goro, ba ruwansa da wace ƙasa yake. Wanda kuma yake zaton Tanzaniya ba ta san cunkoso ba, ya tambayi duk wanda ya taɓa gangarawa cikin kwarin Ngorongoro da hantsi, ya ji motoci nawa ke kewaye zaki ɗaya da ke barci.

Amma abin da ya fi damuna shi ne kalmar "babu kowa" da ake furtawa kamar wani abin alfahari. Ruwa ba ya tsami banza. Filin Serengeti mai faɗin kusan murabba'in kilomita 14,750 ba haka Allah ya saukar da shi fayau ba. Makiyayan Masai na cikinsa da shanunsu, har zuwa lokacin da Turawan mulkin mallaka na Birtaniya suka sa dattawansu suka sa hannu a wata yarjejeniya a 1958, aka kwashe su a 1959 aka mayar da su Ngorongoro. Alkawarin da aka yi musu a fili yake: wannan yankin naku ne ku da namun daji, ku zauna tare, kuma idan buƙatar dabba da ta mutum suka ci karo, ta mutum ce a gaba. A kan wannan sharaɗi aka kafa yankin Ngorongoro.

Sai aka shiga zare alkawarin zare-zare. A 1975 aka fitar da su daga cikin kwarin kansa. Aka hana su noma, aka ɗan sassauta, aka sake hanawa a 2009. Yanzu kuma gwamnatin Shugabar Tanzaniya Samia Suluhu Hassan tana kwashe su zuwa wani ƙauye mai suna Msomera a yankin Tanga, tafiyar kusan kilomita 600, da burin raba mutum wajen 82,000 da yankin kafin 2027. Gwamnati ta ce da yardarsu suke tashi. Ƙungiyar Human Rights Watch, a rahotonta na 2024, ta nuna yadda aka rage kuɗin makarantu da asibitocin Ngorongoro, aka hana mutane gyara gine-ginensu, aka taƙaita musu wuraren kiwo da na shayar da dabbobi. In ka toshe wa mutum asibiti da makaranta da rijiya, sannan ka kawo mota ka ce wa ke son tafiya, ba za ka dawo ka ce mana yarda ya yi ba. Hujjar da ake kafawa ita ce mutane da shanu sun yi wa yankin yawa, amma ban taɓa jin an ce otal-otal da motocin baƙi sun yi yawa har za a kwashe su zuwa Msomera ba.

Na Loliondo ya fi muni. A watan Yunin 2022 jami'an tsaro suka shiga yankin, wanda ke gabas da Serengeti, suka fara kafa turakun iyaka a kan fili mai faɗin murabba'in kilomita 1,500 da ƙauyukan Masai ke kiwo a cikinsa da rani. Aka yi harbi, mutane da dama suka jikkata, ɗan sanda ɗaya ya mutu, jama'a suka tsallaka Kenya neman magani da mafaka. Filin ya koma gandun Pololeti, saniyar da ta shiga sai a kama ta, mai ita ya biya tara ko a yi gwanjonta. Yankin nan kuwa tun 1992 aka bai wa wani kamfani mai suna OBC, mai alaƙa da manyan Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, izinin farauta a cikinsa. Wato makiyayin da kakanninsa suka rayu da zaki da giwa ba su ƙarar da su ba shi ne barazana ga daji, mai saukowa daga jirgi da bindiga kuma shi ne abokin kare muhalli. Kenya ta haramta farautar namun daji tun 1977. Tanzaniya har gobe tana sayar da lasisin harbi, kuma tsakanin 2023 da 2024 an harbe wasu daga cikin manyan torayen giwayen Amboseli, masu haure har ƙasa, bayan sun tsallaka iyaka daga Kenya. Wannan ma yana cikin "daji na gaskiya" da ake tallata mana.

Mu da muka tashi muna ganin yadda ake cinye burtali da makiyaya, yau gona, gobe filin wani babba, har makiyayi ya rasa inda zai bi da garkensa, bai kamata a yi mana dogon bayani a kan abin da ke biyo baya ba. Mun san shi, muna kuma biyan kuɗinsa.

Kada wani ya ce sharrin ƙungiyoyin Turawa ne. Bankin Duniya, wanda ba a san shi da saurin fushi da gwamnatoci ba, ya dakatar da kuɗin wani shirin bunƙasa yawon buɗe ido na dala miliyan 150 a Tanzaniya a watan Afrilun 2024, saboda zargin kisa da cin zarafin mazauna kewayen gandun Ruaha. A watan Agustan shekarar, dubban Masai, maza da mata, lulluɓe da jajayen mayafansu, suka tare hanyar da ta haɗa Ngorongoro da Serengeti, motocin baƙi suka yi layi. Sai a lokacin gwamnati ta ce za ta maido da hidimomin da ta yanke, daga baya ta kafa kwamitocin bincike. Kukan shekaru bai motsa kowa ba, sai da aka taɓa aljihun yawon buɗe ido. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wa matafiyi cewa kuɗinsa yana da nauyi a wannan rigima, ko ya sani ko bai sani ba.

Sannan a zo ga abin da takardun talla ke kira al'ada. Mota ta tsaya a wata ruga da ke bakin hanya, a karɓi kuɗi a ƙofar shinge, samari su jeru su yi rawar tsallen nan tasu, mata su rera waƙa wuyansu cike da duwatsun ado, a shigar da kai bukka mai duhu ka sha hayaƙi na minti biyu, a murza itace a nuna maka yadda ake tayar da wuta, a ƙarshe a kai ka inda aka baje sarƙoƙi da mundaye. Rabin awa an gama. Ana yin wannan a ƙasashen biyu, kuma ban ga laifin wanda ke neman abincinsa ta haka ba. Abin da ba zan iya haɗiyewa ba shi ne a sa hoton Bamasai a jikin kowace talla, a sayar da tsallensa da mayafinsa, alhali ana tattara masa kayansa a bayan fage. Al'adar makiyayi shanunsa ne da filin kiwonsa. Ka raba shi da su, abin da ya rage wasan kwaikwayo ne.

Abin da ya sa na karkata ga Kenya ba gandun Masai Mara kansa ba ne, wanda bai wuce murabba'in kilomita 1,500 da 'yan kai ba, kuma gaskiya ne yana cika maƙil da motoci a lokacin ƙetaren kogi. Filayen da ke kewaye da shi ne, irin su Naboisho da Mara North da Olare Motorogi da Ol Kinyei. Waɗannan filaye mallakar iyalan Masai ne, kowa da takardarsa. Sun haɗa su wuri guda sun bayar haya ga masu masaukin baƙi, ana biyan mai fili kuɗinsa ko baƙi sun zo ko ba su zo ba, an ƙayyade yawan gadaje da yawan motocin da za su tsaya a kan dabba ɗaya, shanu kuma suna shiga kiwo bisa tsarin da aka amince, yau wannan ɓangare, gobe wancan. Naboisho kaɗai, da aka kafa a 2010, ta haɗa masu fili fiye da 500. A can za ka ga yaro yana kora shanu, raƙuman dawa na cin ganyen ƙaya ba nisa da shi. Masu tallar "babu kowa" za su ce wannan ya ɓata hoto. Ni a wurina shi ne hoton gaskiya na wannan ƙasa tun kafin a ƙirƙiro kyamara. Dokar namun daji ta Kenya ta 2013 ta amince da irin waɗannan filaye, kuma mafi yawan namun dajin ƙasar a wajen gandayen gwamnati suke rayuwa.

Ba wanke Kenya nake yi ba. Kuɗin hayar bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da abin da baƙo ke biya a dare ɗaya, kuma da annobar korona ta zo a 2020 sai da aka zaftare shi. Kenyar nan ce kuma ta rushe gidajen 'yan ƙabilar Ogiek a dajin Mau a Nuwamban 2023, bayan Kotun Afirka ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta yanke hukunci tun 2017 cewa ƙasarsu ce. Amma akwai bambanci tsakanin mutumin da ke jayayya a kan nawa za a biya shi hayar filinsa da wanda aka ce masa filin ma ba nasa ba ne.

Ta fuskar tarihi da addini, kowa Zanzibar ya sani, kuma ta cancanta. Tanzaniya na da Kilwa ma, da tsohon masallacinta na dutsen teku, garin da Ibn Battuta ya ziyarta a 1331, wanda masu shirya tafiye-tafiyenmu ko sunansa ba sa ambata. Sai dai wanda ke neman garin Musulmin gaɓar teku da bai koma wurin shaƙatawar baƙi zalla ba, ya duba Lamu a Kenya. Lungunanta sun yi ƙanƙanta ga mota, jaki ne abin hawa da na dako, ƙofofin gidaje na katako ne da aka sassaƙa da hannu. A watan Rabi'ul Awwal jama'a daga sassan gabashin Afirka sukan cika harabar masallacin Riyadha, wanda Habib Swaleh ya kafa, ana karatun Mauludi da bugun mandiri, ana tseren jakuna da na jiragen ruwa masu filafilai. Bakano ko Bazazzagi ba zai ji baƙunta a wannan taro ba. Hanyar mota ta wannan yanki ta sha fama da hare-haren al-Shabaab, shi ya sa akasarin baƙi jirgin sama suke bi.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. Kenya ta ɗauke wa 'yan kusan duk ƙasashen Afirka sharaɗin neman izinin shiga a 2025, ban da Somaliya da Libiya. Tanzaniya kuwa ta sa mai fasfon Najeriya cikin jerin waɗanda sai an tura takardunsu an yi bincike na musamman kafin a ba su biza, kuma tun Oktoban 2024 duk baƙon da zai shiga Zanzibar sai ya sayi inshorar dole ta dala 44. Tsada dai babu mai sauƙi: shiga Masai Mara dala 200 ne a rana daga Yuli zuwa Disamba, gangarawa kwarin Ngorongoro kuma kusan dala 300 kan kowace mota, ban da kuɗin shiga na kowane mutum.

Masu cewa ɗan yawon buɗe ido ba ruwansa da siyasa, su sani cewa saboda shi ake korar mutanen. Masu cewa in an ƙaurace wa Tanzaniya talakan Bamasai ne zai sha wuya, su fara gaya mana kaso nawa na kuɗin ƙofar Ngorongoro ke isa rugarsa.

Ban ce kowa ya yi rantsuwa ba zai taka Tanzaniya ba. Mai son Zanzibar da Kilwa ya je, Allah ya kiyaye hanya. Amma mai neman namun daji, ya sauka a filin da masu shi ke karɓar haya, ya ƙi direban da zai kutsa da shi bakin kogi. Kamfanonin shirya tafiye-tafiye na Kano da Abuja kuma, da suke kwafo tallar Turawa kalma da kalma suna liƙa mana, ya kamata su iya amsa tambaya ɗaya kafin su karɓi kuɗin kowa: masaukin da za ku kai ni, filin wa aka gina shi a kai, kuma mai filin yana ina yanzu?