Talaka a kawo NIN, ɓarawo a kafa kwamiti

Wai don Allah wa ake gadi a rabon tallafin nan? Duk shingen da aka kafa da sunan hana maguɗi, a gaban talaka aka kafa shi. Kawo NIN. Kawo BVN. Sunan katinka bai zo ɗaya da na banki ba, je ka gyara, gyaran ma da kuɗinka. Dangwala yatsa, tsaya a ɗauke ka hoto. Duk a kan kwano biyu na shinkafa! Shi kuwa wanda ya karkatar da tirela sukutum, ko katin zaɓe ba wanda ya tambaye shi.

Ba shaci-faɗi nake yi ba. A 2017, ofishin Osinbajo da kansa ya faɗi cewa kusan rabin motocin hatsin da ake tura wa 'yan gudun hijira a arewa maso gabas ba sa isa inda aka tura su. Rabi fa! Abincin mutanen da Boko Haram ta raba da gidajensu. A Oktoban 2020, lokacin zanga-zangar EndSARS, jama'a suka fasa rumbuna a Legas da Jos da Kaduna, suka tarar da tallafin korona jibge har rufi, bayan an sha kulle cikin yunwa. Gwamnoni suka ce ai ajiya ce, ana shirin rabawa. To, wa aka kama? Wanda aka gani da katan ɗin taliya a ka. A wasu jihohin har gida-gida aka bi ana ƙwato buhuna.

Sai Janairun 2024, da Tinubu ya dakatar da ministar jin ƙai Betta Edu kan takardar da ta nemi a tura naira miliyan 585 zuwa asusun mutum ɗaya. Ta ce ita ba ta yi laifi ba. Daga baya EFCC ta ce ta ƙwato kusan biliyan 30 a binciken ma'aikatar. Madalla. Amma shekarar ta ƙare ba mu gan ta gaban alƙali ba, ba a kuma fito fili an wanke ta ba, sai dai aka naɗa wani. Abin da ya fi ci min rai, a rikicin nan aka tsayar da shirye-shiryen tallafin gaba ɗaya, har da ciyar da 'yan firamare. Manya ake zargi, ɗan aji biyu ne aka ɗauke wa abincin tara. Kashin dankali ke nan, na ƙasa shi ke shan nauyi.

A mazaɓarmu ma haka ake yi, sai dai daidai ƙarfinmu. Rabon da aka yi a harabar wata makaranta, mata sun yi layi tun bayan asuba, kowa da kofin takardar NIN a leda don kada zufa ta jiƙa. Aka ɗora wa maƙwabciyata, mai marayu biyar, buhu guda a gabanta, aka ɗauki hoto, aka janye buhun, aka ce su takwas za su raba. Wata tsohuwa ta matsa gaban tebur.

"Iya, sunanki bai fito ba."

"Ɗan nan, kai fa ka rubuta ni da hannunka."

"Daga sama aka turo sunayen, Iya. Ki yi haƙuri."

Daga sama! Amma matan jami'in rabon biyu da ƙaninsa mai shagon siminti duk sun fito daga saman. La'asar na yi, buhunan da ke ɗauke da rubutun ba na sayarwa ba ne suka bayyana a bayan kasuwa, ana juye su cikin wasu. Kuɗin hannun kuma, naira 25,000 da aka yi wa gidaje alkawari, wanda ya dace ya samu sai ya cire na wanda ya sa sunansa, ya cire na mai POS. Ka yi magana a ce kai ɗan adawa ne, a goge ka a zagaye na gaba. Shi ya sa kowa ya ja bakinsa.

Ba wai kama su ne ke da wuya ba. A Nuwamban 2023 an bankaɗo wani rumbu a Sharaɗa ta Kano inda ake sauya wa kayan tallafi buhu, aka kama mutane. Ashe in an so gani, ana gani.

Mu ba kwamiti muke nema ba. A faɗa a rediyo buhu nawa aka turo kowace mazaɓa, a manna sunayen a ƙofar gidan mai unguwa kwana uku kafin rabo, mu karanta da idonmu. Mun san wanda ya rasu, mun san wanda ya tashi, mun san wanda ke da mota biyu. Kuma tunda hoto kuke so, a riƙa ɗaukar mai riƙe da makullin rumbun, ya dangwala nasa yatsan ranar da kaya suka shiga da ranar da suka fita.