Katin Yekini da rezar ƙanina

Ranar Asabar na dawo daga gona na tarar da ƙanina a zaure, ya baje wasu tsofaffin katunan 'yan ƙwallo a kan tabarma, ga reza sabuwa fil a hannunsa. A akwatin ƙarfen marigayi Kawu ya tono su, cikin tsarabar da ya zo mana da ita daga Legas a 1994, shekarar da Najeriya ta fara zuwa gasar cin kofin duniya. Na Rashidi Yekini ne a sama. Kusurwoyinsa sun lanƙwashe, gara ta ɗan taɓa bayansa, ga kuma shatar robar da aka ɗaure su da ita shekara da shekaru.

"Yaya, gefen ne ya yi gashi-gashi. Zan ɗan daidaita shi, in kai Wudil a yi masa laminatin. Ka san nawa aka sayi katin Pele kuwa?"

Bai yi ƙarya ba. Katin Pele na 1958, wanda wani kamfani ya buga a Suwidin, an sayar da shi dala miliyan 1.33 a 2022. A shekarar ne kuma katin wani ɗan wasan besbol na Amurka, Mickey Mantle, bugun kamfanin Topps na 1952, ya tashi a dala miliyan 12.6. Abin da yaron bai sani ba shi ne, da reza ta taɓa katin, da na'urar laminatin ta gasa shi, a idon masu wannan harka ya tashi daga aiki.

A can Amurka akwai kamfanonin da aikinsu ke nan, duba kati su ba shi maki. Wanda ya fi suna shi ne PSA, da aka kafa a 1991, sai SGC da Beckett. Maki daga 1 ne zuwa 10. Abu huɗu suke dubawa: ko hoton ya zauna a tsakiya, kaifin kusurwoyi, lafiyar gefe, sai fuskar katin, wato ko akwai karce, tabo ko karaya. Zaman hoton nan har aunawa suke yi, farin da ke dama da na hagu. In ya karkata sosai, ko daga maɗaba'a ya fito a haka, ko hannu bai taɓa shi ba, ya rasa 10. Sun gama sai su rufe shi a wata roba mai tauri, su manna lambar makin a sama.

Ni da na tashi ina bin Baba kara ranar Juma'a, wannan duk bai zame mini baƙo ba. Baba ba ya tambayar shekarun sa. Buɗe bakinsa yake ya duba haƙora, ya shafa tozo, ya ɗaga kofato, ya sa a ja shi ya ga tafiyarsa. Kuma abin da ya fi sa shi ja da baya shi ne dabbar da ta yi kyau fiye da kima. Ragon da aka wanke fes, aka ɗura masa gishiri ya sha ruwa cikinsa ya cika, shi ne wanda za ka kai gida kwana biyu ka ga ya sace kamar tayar keke. Kati ma haka yake. Takardar da ta shekara saba'in amma gefenta kamar yau aka yanka, ai dole mutum ya tsaya ya sake kallo.

To a nan ne nake da ja da masu ɗaukar lambar nan kamar hukuncin da ba a ɗaukaka ƙara. Katin farko da PSA ta ba maki shi ne na wani tsohon ɗan wasan besbol, Honus Wagner, cikin waɗanda ake sakawa a kwalin taba tsakanin 1909 da 1911. An saye shi dala 451,000 a 1991, aka ba shi maki 8. Sai a 2013 wani babban dillalin kaya irin waɗannan, Bill Mastro, ya amsa a gaban kotu cewa ya taɓa datse gefen katin don ya ƙara kyau. Abin da ƙanina yake shirin yi da rezar naira hamsin, shi wani ya yi wa katin da ya fi kowane suna a duniya, kuma ya wuce ta gaban masu dubawa.

Akwai ma wata ɗabi'a da ta fi ba ni dariya. Mutum ya aika kati a ba shi 8, bai gamsu ba, sai ya fasa robar ya sake aikawa, wani lokaci ya dawo da 9. Katin bai canja ba. Ido ne ya canja, ko kuwa ranar mai dubawan ya yi barci sosai. Amma tsakanin 9 da 10 kuɗi na iya ninkawa sau da yawa, a kan wani ɗigo da sai da gilashin ƙara girma ake ganinsa.

Kar a ce na ce makin ba shi da amfani. Wanda zai sayi kati ta intanet daga wata ƙasa, bai riƙe shi a hannu ba, yana bukatar wanda zai tsaya masa, kamar yadda baƙo a kara yake bukatar dillali. Sai dai ko a kara, wanda ya bar wa dillali idonsa gaba ɗaya, ya sha ganin ba daidai ba.

Namu na Yekini, in an yi masa adalci bai wuce 2 ba, kuma kuɗin aika shi Amurka ya fi abin da zai kawo. Na faɗa wa ƙanina haka, ransa bai so ba. Na karɓe rezar, na kwance robar, na jera katunan ɗaya-ɗaya a tsakanin shafukan wani tsohon littafin lissafi, na ɗora a saman kwaba inda laimar damina ba ta kaiwa. Da na juya na Yekini kafin in rufe, sai ga rubutun Kawu da biro a bayansa, ya sa sunana da ajin da nake a lokacin. PSA za ta rage maki saboda wannan ma.