Wai neman izini na ɓata hoto?

Samarin unguwar Nima a Accra masu yawo da kyamara suna cewa in ka tambayi mutum kafin ka ɗauke shi, zai ƙame, hoton ya lalace, gara a ɗauka a ɓoye. A'a wallahi. Ka yi sallama, ka ce Hajiya zan iya ɗaukar ki? In ta yarda ka ɗan tsaya, minti biyu ba za a yi ba mai sayen waake zai zo ta manta da kai, a nan hoto mai rai yake fitowa. 'Yan kayayo kuwa, masu dakon kaya a kai, har cikin barci ake ɗaukarsu, abin na min ciwo. Kuma yarda ka ɗauka daban, sakawa a Facebook daban, shi ma sai ka tambaya.