Tukunyar Kashe Gobara Ba Kayan Ado Ba Ce

Shiga ofisoshin titin Ahmadu Bello ko masana'antun Kakuri a Kaduna, sau da yawa za ka tarar da jar tukunyar kashe gobara ta sha ƙura a bango, wata ma da ita ake tokare ƙofa. Haba jama'a!

Dubawar ba ta cin minti 2. Allurar agogon da ke nuna ƙarfin iskar cikinta ta tsaya kan kore. In ta sauka ja, iskar ta zurare, ko ka matse ba lallai ta yi aiki ba. Fil ɗin da ke kulle wurin matsewa da hatiminsa su kasance daram. A leƙa cikin tiyon, don zanzaro kan yi gida a ciki ya toshe shi. Mai hoda in ta daɗe ba motsi, hodar kan dunƙule a ƙasa. Mai iskar CO2 kuwa ba ta da agogo, a sikeli ake auna ta. Duk wata a duba, duk shekara ƙwararre ya yi mata sabis.

Ko lafiyarta ƙalau ma, tambayi ma'aikata wa ya iya zare fil ya saita gindin wutar. Shiru. Wayar lantarki na kamawa sai a kinkimo bokitin ruwa, alhali ruwa na jan lantarki. Ƙofar baya kuma an garƙame da kwaɗo, makullin na aljihun maigadi, shi kuma ya tafi cin abinci.