Ku bar yaron nan da kifinsa

Tun jiya nake jin maganganun da ake ta yaɓa wa yaron nan namu da ya je fatsa a Sikotlan, kuma raina ya ɓaci. Wai ya zama Bature. Wai ƙoshi ne ya yi masa yawa. Wai wane irin mutum ne zai biya kuɗin izini, ya tsaya cikin ruwan sanyi har gwiwa, ya kama kifi sannan ya sake shi. Ga abin da bidiyon fatsar tasa ya nuna, don wanda bai gani ba. Ƙananan kifayen ya mayar ruwa, manya biyu ya riƙe ya gasa. Laifin ke nan. To ni ina faɗa da babbar murya, yaron nan daidai ya yi, kuma masu yi masa dariya ba su san kogi ba.

Ƙaramin kifi bai zama naka ba tukuna. Ko ya haɗiye ƙugiyarka, ko ka riƙe shi a hannu, bai zama naka ba.

Kifin da ya kama, tirawut, na ruwan sanyi ne mai gudu, mai tsabta. Da zarar zafin ruwa ya haura digiri 20 sai ya fara galabaita, domin iskar da ke cikin ruwan tana raguwa. Shi ya sa ba za ka same shi a Gulbin Sakkwato ko Kogin Haɗeja ba. Wajen Oktoba zuwa Disamba macen take haƙa rami da wutsiyarta a cikin tsakuwar ƙasan kogi, ta zuba ƙwai, ta rufe. Ƙwan nan zai yi watanni a cikin tsakuwa kafin ya ƙyanƙyashe, kuma ɗan kifin da ya fito sai ya yi shekara biyu ko uku kafin shi ma ya isa haihuwa. Wanda ya ɗauke shi kafin nan tamkar manomi ne da ya cinye irin shukarsa tun rani. Saboda wannan ne dokar Sikotlan ta ce kamun tirawut na kogi daga 15 ga Maris ne zuwa 6 ga Oktoba, bayan nan kowa ya naɗe zarensa. Kuma ko a cikin lokacin, sai ka karɓi izinin mai haƙƙin wurin ko ƙungiyar masu fatsa da ke kula da shi, su kuma su gaya maka tsawon kifin da za ka iya riƙewa da adadin da za ka tafi da shi gida. A Ingila da Wales kuwa, duk wanda ya kai shekara 13 sai da lasisi, in aka kama ka ba ka da shi tarar tana iya kaiwa fam 2,500. Yaron nan bin doka ya yi, dokar kuma tana da dalili.

Wani ya ce almubazzaranci ne. Haba malam! Me aka zubar? Kifin yana nan da ransa, ya koma inda ya fito, zai girma, wani zai ci shi baɗi. Almubazzari shi ne wanda ya cika buhu da 'yan mitsi-mitsin kifin da ko miya ba za su yi ba, rabi ya ruɓe kafin ya isa gida. Wani kuma ya ce ai masu abin hannu ne ke wasa da abinci alhali talaka na neman na sawa a baki. Wannan maganar ba a nan take ba. Ba wanda ya ce masuncin da ke ciyar da iyali da taru ya zubar da kamunsa. Hasali ma shi ne ya fi kowa cutuwa in kogi ya mutu.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne masu cewa al'adar Turawa ce. Ku je Argungu ku faɗi haka. Tun 1934 ake bikin kamun kifi a can, har hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Kuna tsammanin giwar ruwan da ake fitowa da ita daga kogin Matan Fada, wadda sai ƙarti sun taru suke ɗaga ta, daga sama ta faɗo? An hana taɓa wurin ne, Sarkin Ruwa yana tsaye a kai, sai ranar da aka ba da izini sannan dubban masunta su faɗa da homa da gora. Kakanninmu sun san kifi sai an bar shi yake girma. Mu ne muka manta, muka koma zuba gamalin, maganin ƙwarin nan mai guba, a ruwa, babba da ƙarami da ƙwai duk su taso ciki sama, mutanen da ruwan ke gangarawa wajensu kuma su ɗebi ruwan su sha. Muka koma jan gidan sauro a rafi, wanda ko ɗan kifin da aka ƙyanƙyashe jiya ba ya tsira. Wanda ya yi wannan ba a yi masa bidiyo, ba a zagin sa. Wanda ya sake ƙaramin kifi shi ne abin dariya. Wallahi abin nan yana min ciwo.

Ku sake kallon hannunsa a bidiyon. Sai da ya jiƙa hannu kafin ya taɓa kifin, don busasshen hannu yana goge yauƙin da ke kare fatarsa daga cuta. Ƙugiyarsa ba ta da ƙayar baya, shi ya sa ta zare salin alin. Ya tallafe kifin a cikin ruwa, kansa yana fuskantar inda ruwan ke zuwa, har ya ji ya motsa da ƙarfi sannan ya buɗe tafinsa. Su kuma biyun da ya riƙe, nan take ya kashe su, bai bar su suna birgima a kan ciyawa ba. Wanda ya yi haka ya san darajar rai kuma ya san darajar abinci. Ni ma ina zuwa fatsa, na san irin haƙurin da take ci. Ka ɗaura ƙudan roba da aka yi da gashin tsuntsu da zare, ka jefa, ruwa ya tafi da shi, ka sake jefawa, wani lokaci har yamma ba ko motsi. Mutumin da ya sha wannan jira sannan ya iya buɗe hannu ya sake abin da ya kama, ku ji tsoron Allah ku daina ce masa wawa.

Ƙaramin kifi bai zama naka ba tukuna, ko a Kogin Tay na Sikotlan ko a Gulbin Kebbi.

Sai maganar gashin, tunda wasu sun ce bai dahu ba. Ya dahu sarai. Mun saba da tarwaɗa da karfasa da ake tsoma wa cikin tafasasshen mai har su bushe ƙamas, shi ya sa duk kifin da ya fito da laushi muke zarginsa. Tirawut tsokarsa lallausa ce, ba ta son doguwar wuta. Ka farke ciki ka wanke, ka kankare baƙin jinin nan da ke kwance a jikin ƙashin baya, in ba haka ba za ka ji ɗaci. Ka tsaga jikinsa wuri biyu ko uku, ka shafa gishiri da man shanu, ka cusa yankan lemun tsami da tafarnuwa a ciki. Garwashi ya zama ya kwanta, ba harshen wuta. Minti biyar ko shida kowane gefe ya isa matsakaicin kifi, da ka ga tsokar tana rabuwa da ƙashi ka sauke. Yaji kuma a ƙarshe ake barbaɗawa, in ka sa shi tun farko ƙuli-ƙulin ciki ƙonewa zai yi ya ɓata maka komai.