Ku daina neman sunan ɓarawo a cikin littafin nan

Tun da aka ƙaddamar da littafin da wani dattijon ɗan jarida ya rubuta kan mulkin Najeriya, tambaya ɗaya ke yawo daga majalisun Agege zuwa na Idi-Araba: "Wa ya tona wa asiri?" Kai jama'a! Bawan Allah ya kwashe shekaru yana bin ofisoshin gwamnati, ya zauna ya rubuta yadda mulki ke tafiyar hawainiya a ƙasar da ake yi wa kirari da giwar Afirka, ku kuma kuna lalube shafi-shafi kuna neman sunan da za a yi gulma da shi a teburin mai shayi. Sannunku da karatu.

Ciwon ba a suna yake ba, a tsarin aiki yake. Ku bi titi ɗaya ku gani. An sa shi a kasafin kuɗi, majalisa ta amince, shugaba ya sa hannu. Har yanzu takarda ce, ba kuɗi ba. Ma'aikata za ta tallata kwangila, in kuɗin ya yi nauyi sai an samo takardar amincewar BPP, hukumar sa ido kan bayar da kwangilolin gwamnati da dokar 2007 ta kafa, in ya ƙara nauyi sai majalisar zartarwa ta zauna a kai. Kafin fayil ya gama zagaya tebura damina ta sauka. A ba ɗan kwangila kafin alƙalami, kashi 15 cikin ɗari yadda dokar ta tanada da farko, ya kawo katafila, ya kankare hanya, ya zuba jar ƙasa. Sauran kuɗin sai injiniya ya auna abin da aka yi, an rubuta takardar biya, ofishin Akanta Janar ya saki. Ba a saki ba? Ya kwashe kayansa. Shekara ta zagayo, siminti da kwalta sun tashi, ya dawo neman ƙarin kuɗi, fayil ya koma teburin farko. Ko da babu wanda ya saci sisi a wannan zagayen, titin ya riga ya mutu.

Na san masu cewa ai duk cin hanci ne. Mun ji. A kama goma gobe da safe, wanda zai hau kujerar zai tarar da teburan nan, zai tarar da fayil ɗin nan.

Mu da ke Legas ai ba sai an ba mu labari ba. Jirgin ƙasan Blue Line tun zamanin Fashola aka fara shi, sai Satumban 2023 fasinja ya hau daga Marina zuwa Mile 2, kilomita 13 kacal, gwamnoni uku. Hanyar Legas zuwa Ibadan an ba wani kamfani a 2009, aka soke a 2012, aka sake bayarwa a 2013. Rahoton kwamitin Oronsaye kan rage yawan hukumomin gwamnati ya ƙirga hukumomin tarayya 541 tun 2012, ya ce a haɗe wasu a rushe wasu. Sai Fabrairun 2024 Tinubu ya ba da umarnin aiwatarwa. Shekara 12 shawara tana barci a durowa. Sunan wa za ku kama a nan?

Don Allah, in da gaske ranku ya ɓaci, akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011. Rubuta wasiƙa zuwa ma'aikatar, faɗi sunan aikin da shekarar kasafinsa, tambayi nawa aka ware, nawa aka saki, yaushe, kuma wane kamfani. A buga maka hatimi a kwafinka ka adana. Doka ta ba su kwana 7 su amsa, in sun yi shiru kotu a buɗe take.

Af, wai me ya sa irin waɗannan littattafan ba a fitar da su da Hausa? Dillalin tumatir a kasuwar Mile 12, wanda motarsa ke kwana a hanya kaya na ruɓewa, ya fi duk manyan baƙin da suka zauna a layin gaba ranar ƙaddamarwa buƙatar karanta shi.