Kyakkyawar Niyya Ba Ta Tuƙa Jirgin Ceto

Wata Asabar cikin watan Mayu, yara goma sha biyu suka gama shiri tsaf a bakin madatsar ruwan da nake kai 'yata koyon tuƙin kwalekwale mai tafiya da iska, nan Ingila inda nake zaune. An ɗaura ƙyallayen da ke kama iska, kowane yaro ya sa rigar kariya ya ja zif har wuya, iskar kuma tana kaɗawa daidai wa daida, irin wadda ake yin makonni ba a samu ba. Sai babbar kociyar ta fito da allonta a hannu ta ce shida ne kawai za su shiga, sauran su jira a tudu har a yi musanya. Dalili? Ɗaya daga cikin masu tuƙa jiragen ceto guda biyu bai samu zuwa ba, motarsa ta lalace a hanya.

Jirgin yana nan a ɗaure, da mai a tankinsa. Na fi wata uku ina kallon yadda ake tayar da shi, ni a ganina babu wani abin a zo a gani. Na matsa kusa na ce mata ni zan tuƙa. Ta tambaye ni ko ina da takardar shaidar tuƙin jirgi mai inji. Na ce babu. Ta yi murmushi, ta yi godiya, ta ce a'a. Ko muhawara ba ta tsaya yi ba. Yara shida suka zauna a kan ciyawa suna kallon 'yan uwansu, 'yata na cikinsu, ta cika ta yi fam. Ni ma raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na zo da niyyar taimako an mayar mini da ita kamar kuɗin jabu.

Yanzu shekarata ta uku ke nan a wurin, kuma na sauya ra'ayi game da ranar. Matar nan ta fi ni gaskiya, kuma abin da ta yi shi ne ainihin bambancin da ke tsakanin aikin sa kai da na taso na sani da wanda na tarar a nan.

Inda na taso ba a rasa masu kirki ba, kada wani ya ce na zo ƙasar mutane na fara zagin gida. Na ga malamin da yake tara yaran unguwa da yamma yana koya musu karatu ba a ba shi ko sisi. Na ga wanda ya riƙe ƙungiyar ƙwallon yara shekara da shekaru daga aljihunsa. Amma ka lura da yadda na faɗe su: malami ɗaya, mutum ɗaya. Shi ne shugaba, shi ne ma'aji, shi ke riƙe da mabuɗi, sunayen yaran ma a kansa suke. Ranar da aka yi masa canjin wurin aiki, ko ya yi aure, ko ya gaji, abin ya watse ke nan, sai dai a riƙa cewa Allah ya jiƙan zamanin wane. Muna gina abu a kan mutum, mu yi ta yabonsa, mu bar masa kayan shi kaɗai.

A kulob ɗinmu babu wani gwarzo. Abin da ke riƙe da shi takarda ce mai ban haushi da ake kira jadawali. Tun kafin kakar ta fara, kowane iyaye sun san Asabar ɗin da ta faɗo kansu da aikin da za su yi: wane a jirgin ceto, wance a tudu da rajista, wane ya taya yara tura kwalekwale cikin ruwa ya kuma taya su fito da shi. In ba za ka samu zuwa ba, kai za ka nemo wanda za ku yi musanya, ba kociya ba. Likita da direban bas duk layi ɗaya suke bi. Ni aikina na farko shi ne tsayawa da allon lambobi: duk yaron da zai shiga ruwa sai ya karɓi zoben roba mai lamba ya sa a hannu, in ya fito ya mayar. Ba a rufe wurin sai kowane zobe ya koma ƙusarsa. Da fari na ɗauka an raina ni ne. Sai wata rana aka tashi saura zobe ɗaya, na ga yadda fuskokin manya suka canza cikin daƙiƙa, aka ɗauki oba-oba ana kiran jirgin ceto. Ashe yaron yana banɗaki da zoben a hannunsa. Tun daga ranar ban sake raina allon nan ba.

Dokar da ta hana ni tuƙi ma ba matar ce ta ƙirƙira ba. Hukumar da ke kula da wannan wasa a Birtaniya, RYA, wadda asalinta ya koma 1875, ita ke shimfiɗa ƙa'idojin wuraren horarwa da ta amince da su. Jirgin ceto ɗaya na kula da ƙananan kwalekwale har shida. Daga bakwai zuwa goma sha biyar sai an sami biyu. Wanda zai zama cikakken mai horarwa, ko da kyauta zai yi, sai ya kai shekara 16, ya iya tuƙin da kansa, ya yi kwas na kwana biyar, yana da shaidar agajin gaggawa da ta tuƙin jirgi mai inji. Ga kuma binciken da ake yi wa masu aiki da yara don a tabbatar ba su da tarihin cutar da su. Akwai wata jar igiya mai lanƙwasa da direban jirgin ceto ke ɗaurawa a cinyarsa, ɗaya bakin a maƙale da makunnin inji. In ya faɗa ruwa igiyar ta fizge, injin ya mutu nan take. Ni da na ce zan tuƙa ranar, wallahi ban san amfanin igiyar nan ba. Na ɗauka ta rataye mabuɗi ce. Ka yi tunanin jirgi mai farfela yana zagaye babu direba a tsakiyar yara da kawunansu kaɗai ke saman ruwa.

Zancen ruwan kansa kuma wani babi ne, kuma a nan ne na fi shan wahala da kaina. Ni an raine ni da tsoron ruwa. Kariyar da aka ba mu ita ce kashedi: kada a kuskura a gan ka a bakin rafi. Wasunmu suka ji, suka girma ba su iya iyo ba, kamar ni. Wasu suka je a ɓoye, ba babba ko ɗaya a kusa. A nan kuwa, cikin darussan farko sai an sa yaro ya kifar da kwalekwalensa da gangan. Ina tsaye a tudu aka ce wa 'yata, tana da shekara tara, ta jingina gefe ɗaya har jirgin ya juye. Ya juye. Na ga farin ƙasan jirgin yana kallon sama, ban ga yarinya ba. Daƙiƙa uku ne ko huɗu, amma na karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Sai ga kanta ya ɓullo, tana tari. Kocin, wani saurayi da bai fi shekara goma sha tara ba, yana daga jirgin ceto kusa da ita, bai ko miƙa hannu ba. Magana kawai yake yi a hankali: riƙe jirgin, kada ki sake shi, zagaya, kama katakon nan da ya fito ta ƙasa, ɗora nauyinki. Jirgin ya miƙe cike da ruwa, ta haye ta baya kamar kwaɗo, ta ɗauki 'yar robar da ke ɗaure da igiya ta fara kwarfe ruwa. Da ta fito leɓenta na rawa, abin da ta fara cewa shi ne, "Baba, ka gani? Zan sake."

Da daddare na tura wa yayana hoton. Ya kira ni nan take. "Kai, lafiyarka ƙalau? Ruwa fa ba sa'an yaro ba ne." Na ce, "Yaya, ai shi ya sa." Bai gamsu ba, har yau ma bai gamsu ba, kuma ban ga laifinsa ba. Sai dai alƙaluma ba su goyi bayan tarbiyyar da aka yi mana ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kuma in aka auna da yawan jama'a, yankin Afirka ne kan gaba. Daga 2000 zuwa lokacin, mace-macen sun ragu da kashi 68 cikin ɗari a Turai, a Afirka kuwa kashi 3 kacal. Ba kashedi muka rasa ba. Yaran nan ana koya musu cewa ruwa mai sanyi, wanda zafinsa bai kai digiri 15 ba, yana fizge numfashin mutum a minti na farko, komai iya iyonsa, don haka in ka faɗa ka kwanta rigingine ka bari numfashi ya dawo kafin ka yi wani yunƙuri. Yaro ɗan shekara tara ya san wannan da jikinsa, ni na kai arba'in ban taɓa ji ba.

Kwalekwalen da suke koyo da shi ma labarinsa ya dace da zancen. Sunansa Optimist, wani maƙerin jiragen ruwa mai suna Clark Mills ne ya zana shi a 1947 a garin Clearwater na jihar Florida ta Amurka, da nufin a sami abin da za a iya haɗawa da falankin katako cikin araha don yara. Tsawonsa bai kai mita biyu da rabi ba, gabansa a daƙushe kamar akwati, ana tsere da shi har yaro ya kai shekara 15. Ben Ainslie, wanda ya ci zinare huɗu a gasar Olamfik daga 2000 zuwa 2012, a cikin irin akwatin nan ya taso. Amma ni ba zinare nake hange ba. Abin da ya fi burge ni shi ne jirgin iska ba ya iya fuskantar iska kai tsaye. In inda za ka je daga can iskar ke tahowa, sai ka yi ta karkata dama da hagu har ka isa. Na ga yara masu taurin kai sun yi ta ja da wannan, ƙyallen na ta fafatawa a kansu, jirgin na ja da baya, babu wanda za su yi wa kuka.

To, kada a ce na mayar da wurin aljanna. Akwai abin da ke damuna. Tarin takardun nan da suke kare yara su ne kuma suke korar masu son taimakawa. Uwa mai aikin dare, ko uban da bai daɗe da zuwa ƙasar ba, in ka ce masa sai ya cike fom, ya jira bincike, ya ba da kwana biyu na kwas kafin ya taɓa igiya, sai ya ce a kai kasuwa. Saboda haka fuskokin da ke wurin kusan iri ɗaya ne, kuma yawancinsu iyayensu ma a wurin suka koya. Shekarar farko 'yata ce kaɗai baƙar fata a cikin yaran. Ba wanda ya nuna mana ƙyama, amma ba wanda ya je ya nemo irinmu. Mu muka yi karambanin shiga. A wannan fannin mutanenmu sun fi su. Malamin nan na unguwa da na ambata, gida-gida yake bi yana roƙon iyaye su bar yaro ya zo. Nan kuwa a liƙa sanarwa a intanet a ce an buɗe ƙofa ga kowa, shi ke nan an sauke nauyi.

Wani abokina ya ce me zai hana in kai ta makarantar da ake biya, inda masu horarwa ma'aikata ne, babu ruwana da jadawali. Mun gwada sati ɗaya lokacin hutu. Sun iya aikinsu, ba ni da ta cewa, kuma ba a taɓa rage yara don wani bai zo ba. Amma na ajiye ta da safe na ɗauke ta da yamma, ban san sunan kowa ba, kocin da ya koya mata Litinin ba shi ne na Alhamis ba. A kulob kuwa saurayin nan da ya tsaya mata ranar kifewa, shi ma a wurin aka kifar da shi yana ɗan shekara takwas, kuma wadda ta tsaya masa ita ce matar da ta hana ni tuƙi. 'Yata ta riga ta fara lissafin shekarun da suka rage mata ta zama mataimakiyar koci.

Na yi kwas ɗin tuƙin daga baya, kwana biyu, ina sanye da rigar kariya ina jin kunyar cewa ban iya iyo sosai ba. Shigata cikin masu jirgin ceto ce ta sa na gano wurin da tsarin nasu ya yoye. Akwai wani dattijo, ya haura saba'in, shi ke gyara injuna tun kafin a haifi yawancin kociyoyin. Tsohon injin jirgi na biyu ba ya tashi da sanyin safiya sai an yi masa wata dabara, kuma shi kaɗai ya san ta. Shi ya san inda ake samo kayan gyara, shi ya san wace igiya ce ta kusa tsinkewa. Babu ko ɗaya a rubuce. Duk jadawalin nan da fom-fom ɗin nan, ashe a ɗakin injuna mutum ɗaya suka dogara da shi, sak irin namu. Da aka kwantar da shi asibiti bara, Asabar biyu a jere yara shida-shida suka riƙa shiga ruwa.

Da ya warke ya dawo, na sayi littafin rubutu mai bangon roba na fara binsa ɗakin injuna. Bai so ba. Ya ce shekara talatin yana yi ba wanda ya tsaya a kansa da biro. Na ce masa ni ɗalibi ne mai mantuwa, ya yi haƙuri da ni. Yanzu muna shafi na goma sha ɗaya. Dabarar tayar da injin tana shafi na uku: a matsa robar mai har ta yi tauri, a ja cok rabi kawai, kada a kai shi ƙarshe, sannan a jira a ƙirga goma kafin a ja igiya. Makon jiya na gwada ni kaɗai yana tsaye a bayana da hannu a aljihu. Sai a ja na huɗu ya tashi, ya ce ƙirgata ce ta yi sauri.